Masaukin Yarima da Baltasar Ya Tayar

A garinmu Neu-Eschbach, can cikin duwatsun Texas, babu wanda ya taɓa tambayar Baltasar Krumholz labarinsa, amma babu wanda bai haddace shi ba. Ka ce masa ina kwana, kafin ka rufe baki ya kai ka Jamus, ya tsayar da kai gaban fadar wani yarima, ya nuna maka hasumiyar da ya ce da hannunsa ya gina ta. Gwaggo Kunigunde, wadda jirgin ruwa ɗaya ya kawo su, ta ce ita dai abin da ta sani aski yake yi a can, kuma ko askin ma sai wanda bai damu da kunnensa ba ke zama a gabansa.

"Ƙyashi ne," in ji Baltasar. "Tun a jirgi take ƙyashina, don ni kaɗai ne ban yi amai ba."

"Kai ka fara," in ji Gwaggo. "Tun jirgin yana ɗaure a bakin ruwa."

Shekarar da za a buɗe sabuwar hanya, labari ya zo cewa karusar fasinja, wadda alfadarai ke ja daga San Antonio zuwa yamma, za ta riƙa ratsa garinmu. Kamfanin yana neman masauki guda, inda za a canza alfadarai, matafiya su ci su kwana. Wakilinsu, wani Ba'amurke dogo mai suna Tolliver, ya zo ya duba, ya ce zai dawo da karusar farko wata Asabar bayan girbi. Gidan da ya tarar da rufi a kansa da abinci mai zafi a cikinsa, nan karusa za ta riƙa tsayawa. Gidaje biyu ne kawai a bakin hanya: na Baltasar a wannan gefen rafi, da na Ottmar Schlick maƙeri a wancan gefen, wani gajeren ɗakin gungume da ko ɗan akuya sai ya sunkuya kafin ya shiga.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Baltasar ya hau kan kututture ya yi shela.

"Bene zan gina! Irin na gida, na katako a tsattsaye da gicciye, a cike tsakani da dutse. Masaukin Yarima! Matafiyi zai hango shi tun daga nesa ya tuɓe hula."

"In na ba ka shawara, maƙwabci," in ji Ottmar yana tsotsar tukunyar tabarsa, "fara gyara ƙofar kejin kajinka. Jiya ma su suka tashe ni."

"Kai dai shirya wa kanka wurin zama a bakin rafi, Ottmar, inda za ka riƙa kallon karusa tana wuce ka."

Gaskiyar magana, Baltasar yana da abin da zai dogara da shi, ko da yake bai taɓa faɗi ba. Surukinsa, Baba Jost, mahaifin matarsa Walburga, kafinta ne na ainihi. Tsohon ya ɗauki aikin ba don Baltasar ba, don 'yarsa. Duk bazara yana tsakar gida yana sassaƙa. Yadda ake yi a wurinmu, a ƙasa ake gama gida kafin a tayar da shi. Kafinta ya fere wa kowane katako harshe, ya haƙa wa ɗan'uwansa ramin da harshen zai shiga, ya gwada su a kwance, sa'an nan ya sassaƙa musu alama iri ɗaya a gindi: layi biyu da ɗan tuta, ko gicciye da ɗigo, kowane da tasa. Sai ya warware, ya jibge. Ranar tayarwa maƙwabta su zo, su bi alamar, kowane katako ya sami abokinsa, kafin la'asar gida ya miƙe.

Baba Jost ya sassaƙa alamar ƙarshe wata safiya, ya rataye rigarsa a ƙusa, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Bai tashi ba. Aka binne shi a tudun da ke kallon rafi, kuma har bayan makoki tsakar gidan bai daina ƙamshin ɗanyen katako ba, kamar tsohon ya fita shan ruwa ne zai dawo.

Baltasar ya yi kuka kamar kowa, ba za a raina masa wannan ba. Amma da hawaye suka bushe, sai ya tsaya gaban tulin katakon ya riƙe ƙugu, ya ƙura wa alamun ido.

"Wannan zane-zanen fa? Sai ka ce kaji sun yi tono. Attajiri ya sauko daga karusa ya ga bangon Masaukin Yarima da tabo? Ina!"

Ya ɗauki gizagon marigayi. Ya bi katakon nan ɗaya bayan ɗaya yana kankarewa, yana fito, yana shafawa da tafin hannu. Aikin da ya fi kowane aiki yi masa kyau a rayuwarsa ke nan, bai tsallake ko guda ba.

Walburga ta dawo daga rafi da kwandon wanki a kai. Ta sauke. Ta dubi katakon fari fat, ta dubi ɓawon da ya zube a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauki wani ɗan siriri da ya nannaɗe, da layi biyu da ɗan tuta a jikinsa. Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannunta, iska tana ɗan motsa shi, sa'an nan ta sa shi cikin aljihu a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

"Maigida, me ka yi?"

"Kwalliya."

"Hannun Baba ka goge."

"Haba Walburga, hannun Baba yana nan." Ya buga goshinsa da yatsa. "Duk gidan nan yana cikin kaina. Kowane katako na san shi kamar ɗan cikina."

"To wannan na ina ne?"

Baltasar ya dube shi, ya zagaya shi, ya sunsuna shi.

"Na sama."

"Wancan fa?"

"Shi ma na sama."

"Na ƙasan fa, ina suke?"

"Mace, je ki duba kabejinki. Sha'anin gini ba na kicin ba ne."

Da lokaci ya matso, sai Baltasar ya ƙara wata dabara a kan ta farko. Ba zai tayar da gidan ba sai ranar Asabar ɗin da karusa za ta zo, don wakili ya iske shi a ƙololuwar rufi yana bikin tayarwa, jama'a suna tafi.

"Ya ce rufi yake so ya gani," in ji Walburga.

"Zai ga inda rufin zai zauna, da ni a kai. Wannan ya fi rufi."

Ranar ta zo. Tun da sassafe maza suka taru da gudumomi da igiyoyi, mata suka jera tebura a ƙarƙashin itace. Walburga ta dafa dankali, ta buɗe gangar kabeji mai tsami, ta soya ɗurarren hanji na naman barewa, ga burodi, ga gangar giya an jingine a inuwa. Fasto Lembke ya zo da baƙar hularsa ta Lahadi. Har Ottmar ya tsallako rafi da babbar gudumarsa, don a garinmu ko kana gaba da mutum, ranar tayar da gidansa sai ka zo.

Ottmar ya ɗaga kan wani katako, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Maƙwabci, ina alamar?"

"Babu buƙata."

"Ban ji ba."

"Na ce babu buƙata! Alama ta 'yan koyo ce. Ni zan riƙa nunawa, ku kuna ɗauka."

Wani ya cire hula ya sosa kai. Fasto ya ɗaga ido sama kamar mai neman a ba shi aya. Gwaggo Kunigunde ta jawo kujera ta zauna daidai gaban fili, ta gyara zama.

"Ku matsa mini," ta ce. "Tun da na bar Jamus ban ga wasan kwaikwayo ba."

Baltasar ya hau kan ganga ya fara ba da umarni. "Wancan dogon, ku kai shi kusurwar gabas! A'a, ba shi ba, ƙanensa. To, ku ɗaga. Ku sa harshen a rami."

"Bai shiga ba."

"Ku buga!"

Ottmar ya buga. Harshen ya ƙi.

"Ramin ne ya tsuke saboda raɓa," in ji Baltasar. "Kawo zarto."

Ya yanke harshen. Katakon ya zauna a kan ɗan'uwansa lafiya lau, ba abin da ya riƙe shi sai kunya.

"Kun gani? Ya shiga."

"Bai shiga ba, ya dai jingina," in ji Ottmar.

"A fadar yarima haka muke yi. Gini mai jingina ya fi daɗewa, don ba ya gajiya."

Haka aka ci gaba. Wanda ya yi tsawo a rage shi, wanda ya gaza a cusa masa dutse a gindi. Inda rami ya fi harshe girma, Baltasar ya tura tsumma. Kafin rana ta take, wani abu ya miƙe a filin. Gida ne in ka runtse ido ɗaya. Ƙofar shiga ta fito a bene, tana kallon sararin Allah, babu matakala a gabanta. Matakalar kuwa tana can baya, ta hau ta hau ta je ta ci karo da bango. Taga ɗaya ta sauko har ƙasa, daidai tsayin agwagwa.

"Wannan tagar ta wa ce?" in ji Gwaggo.

"Ta yara ce. Su ma fasinja ne."

"Ƙofar sama fa? Ta mala'iku?"

"Gwaggo, ba ki san karusa ba. Masu arha a kan rufi suke zama. Daga can sai su taka su shige, ba sai sun sauko ba."

"Af, lallai. Su fita fa da safe, in karusar ta tafi?"

"Wanda ya ji daɗin masauki ba ya son fita."

Babbar matsalar tana gaba, wajen hanya. Bangon nan ya ƙi haɗuwa sam. Duk katakon da aka kawo ba nasa ba ne, sai aka bar wani makeken wawakeken fili da ginshiƙi ɗaya tal a tsakiyar falo, shi ke ɗauke da benen gaba ɗaya. A gefe kuma ga tulin katako ya rage, ba wanda ya san inda za a kai shi.

Fasto Lembke ya matso a hankali. "Ɗana, anya marigayi zai sassaƙa wannan duka a banza?"

"Baba Fasto, tsohon nan akwai hannu sake. Na ajiya ne."

"Wannan buɗaɗɗen wurin fa?"

"Na shan iska. Ba ka ji zafin ƙasar nan ba?"

Iska ta ɗan kaɗo daga rafi, gidan ya yi wani dogon ƙugi, ya karkata yamma kaɗan, ya dawo.

"Ji," in ji Baltasar. "Yana gaishe ku."

Saura bikin tayarwa. Kowa a garinmu ya san yadda ake yi. A ɗaure reshe mai ɗanyen ganye da ƙyallaye masu launi a ƙololuwa, kafinta ya hau ya tsaya kusa da shi, ya yi wa gida baiti, ya sha abin da ke kofinsa har ƙasa, ya jefo kofin. In ya fashe, gida ya yi albarka. In bai fashe ba, to, ba a ma son a faɗi. Don haka kowa tsohon kofi mai tsaga yake bayarwa, wanda ko tari aka yi kusa da shi zai tarwatse. Walburga ta miƙo irinsa.

Baltasar ya ture hannunta. "A Masaukin Yarima? Da wannan abin shan magani?"

Ya zaro wani tambulan daga aljihu, ya ɗaga shi rana ta haska. Shi ne wanda ya sayo a San Antonio don baƙi, mai kauri kamar gindin turmi. Wata guda ya yi yana yawo da shi gida gida, yana faɗin yadda mai kanti ya rantse masa cewa ko sojan da ya bugu ba zai iya fasa shi ba.

"Maigida," in ji Walburga, "ka tuna abin da mai kantin ya ce."

"Soja ya ce. Ni ba soja ba ne."

Ya hau tsani, gidan yana amsa kowane taku. Jama'a suka ja da baya, suka ƙara ja, har suka tsaya can gindin tebura. Ya isa ƙololuwa, ya rungumi reshen da hannu ɗaya, aka ɗaura masa tulun giya a igiya ya jawo. Ya cika tambulan, ya gyara murya.

"Ga gida ya miƙe, ya fi na yarima,
Mai shi gwani ne, kowa ya shaida.
Wanda ke ƙyashi ya koma rafi,
Ya zauna da ƙarfensa yana hura wuta!"

"Amin," in ji Fasto, don bai san abin da zai ce ba.

Baltasar ya shanye, ya jefo. Tambulan ya sauko yana walƙiya, ya faɗa cikin gangar kabeji, tsulum. Walburga ta sa hannu ta zaro shi, ko ƙwarzane babu.

"Wannan ba ya cikin lissafi!" Baltasar ya yi ihu daga sama. "Gwaji ne. Ku turo shi."

"Sai ka sake sha fa," in ji Ottmar. "Ba a jefa busasshen kofi."

"Wa zai koya mini al'ada?"

Aka ɗaura a igiya, ya jawo, ya cika, ya shanye, ya jefo. Wannan karon ya sauka kan hular Fasto, ya lotsa ta har kunne, ya yi tsalle ya kwanta cikin ciyawa. Fasto ya zaro kansa daga hular da ƙyar.

"Ɗana, wataƙila Ubangiji yana son ya gaya maka wani abu."

"To ya jira in gama, Baba Fasto."

Ya sake sha, ya sake jifa. Tambulan ya bugi dutse sosai, ƙwal, kowa ya ce shi ke nan. Dutsen ne ya ɓantare. Ya kuma, ya faɗa kan karen Ottmar da ke barci, karen ya tashi ya ɗauke shi a baki, sai da aka bi shi har bakin rafi. Baitin ma ya fara canzawa, don kowane jifa sai Baltasar ya sake rerawa. Yarima ya koma sarki, sarki ya koma ɗan'uwan kakarsa, daga baya ma ya manta da gida ya shiga yabon gashin bakinsa.

"Sauko haka nan, Baltasar!" in ji Walburga. Ranar ce aka fara jin ta kira sunansa a gaban mutane.

"Ba na saukowa sai ya fashe!"

"To a kai masa bargo," in ji Gwaggo. "A can zai yi Kirsimeti."

Ana cikin haka aka ji ƙaho daga kan tudu. Ƙura ta tashi, ga karusa tana gangarowa, alfadarai suna sassarfa, kaya jibge a kan rufinta, fuskoki a tagogi. Baltasar ya hango ta kafin kowa. Ga ranar da ya yi ta mafarki, ga shi a ƙololuwa, ga reshe, ga jama'a, ba abin da ya rage sai ƙarar fashewar gilashi a kunnen wakili.

"Ku yi tafi!" ya ce. "Ku yi tafi mana, 'yan baƙin ciki!"

Ya cika tambulan, ya kwankwaɗe, ya zaɓi wani faffaɗan dutse a bakin hanya, ya ja hannu baya iya ƙarfinsa.

Shi kuwa direban karusa, baƙo ne, bai san komai ba. Ya ga taron mutane, ya ga sabon gini da makekiyar ƙofa tana kallon hanya. A manyan masaukai haka ake barin ƙofa karusa ta shige har ciki, saboda ruwan sama. Sai ya ce a ransa, lallai Jamusawan nan sun san aiki. Ya karkata linzami, ya nufi falon Baltasar.

"Tsaya! Tsaya!" Jama'a suka ɗaga hannuwa suna ihu da Jamusanci. Direba ya ɗauka maraba ake yi masa, ya ɗaga hula.

Daidai nan Baltasar ya saki tambulan. Bai sami dutse ba. Ya sami alfadarin gaba a kuturi, tim.

Alfadarin ya yi wata ƙara da ba a taɓa ji ba a garinmu, ya zabura, 'yan'uwansa suka bi. Karusa ta shige falo a guje. Ƙafarta ta baya ta kama ginshiƙin nan ɗaya tal, ta tafi da shi kamar an zare tsinke.

Gidan bai faɗi nan take ba. Sai da ya ɗan tsaya, kamar mai tunani. Sa'an nan ya durƙusa da gaba, a hankali, irin durƙuson raƙumi, ya saki dogon nishi. Ƙololuwa ta sunkuyo, ta zubo Baltasar da reshensa da tulunsa a kan rufin karusa, tsakanin akwatuna, daidai lokacin da take fasa bangon baya ta fice da matakala rataye a gefenta. Bayansu komai ya kwanta, rugum, tsumma da duwatsu suna tashi sama.

Ƙura ta lafa. Sai ga tambulan ya mirgino daga ƙarƙashin katako, ya zo ya tsaya a ƙafar Gwaggo Kunigunde, lafiyarsa ƙalau.

"Ko sojan da ya bugu," in ji Gwaggo. Ta ɗauka ta miƙa wa na kusa da ita. "Zuba mini."

Alfadarai kuwa ba su tsaya ba. Suka ratsa lambun kabeji, suka kwashi igiyar shanya da wandunan Baltasar, suka faɗa rafi ruwa ya yi sama. Baltasar yana kwance rub da ciki a kan akwatin wata mata, ya ƙanƙame reshe, ƙyallaye suna kaɗawa, yana ihu, "Hagu! Ku yi hagu! Ba nan ba ne!" Suka haye gangare, suka hangi kwamin ruwa a ƙofar maƙera, suka ja birki suka tsoma baki. A ƙofar Ottmar Schlick.

Duk garin ya biyo su a guje, Ottmar a gaba, Fasto a baya yana riƙe da lotsattsiyar hula. Ƙofar karusa ta buɗe. Tolliver ya fito da ƙafa ɗaya, ya tsaya ya tabbatar ƙasa ce, ya fito da ɗayar. Ya cire ɓawon katako daga wuyan rigarsa. Ya iya Jamusanci kaɗan, irin na ciniki.

"Wannan abin da muka ratsa," ya ce, "mene ne?"

Baltasar ya leƙo daga saman kaya. "Masaukin Yarima, Yallaɓai. Barka da zuwa. Yaya ka ga falon?"

"Da sauri na gan shi."

"Akwai fili, ko ba haka ba? Ga iska."

Tolliver ya waiwaya ya dubi tsallaken rafi, inda ƙura ke sauka a kan tulin katako. Ya juyo ya dubi gajeren ɗakin da ke gabansa.

"Wannan na wa ne?"

"Nawa ne, Yallaɓai," in ji Ottmar.

"Yana da rufi?"

"Ga shi kana gani."

"Yana motsi?"

"Tun da na gina shi bai je ko'ina ba."

"Abinci fa?"

Nan Ottmar ya sosa ƙeya, don shi gwauro ne, kuma abin da yake dafawa ko karensa sai ya yi shawara kafin ya ci. Baltasar ya ga ƙofa ta buɗe masa. Ya miƙe tsaye a kan akwati.

"Ka ji ko, Yallaɓai? Ba shi da abinci! Rufi kawai gare shi. Wa ya taɓa cin rufi? Ni kuwa abincina yana can, tebur tebur!"

"Ga shi nan tafe," in ji Gwaggo.

Walburga ce ke tsallako rafi, ta tattare bakin riga, tukunyar dankali a kai, matan gari a bayanta da kwanonin nama da burodi. Ba ta dubi mijinta ba. Ta wuce ta sunkuya ta shiga ɗakin Ottmar, ta dire tukunya a tebur, ta leƙo.

"Baƙi su shigo su ci tun da zafi. Ku kula da kanku, ƙofar gajera ce, amma a ƙasa take."

Fasinjoji suka bi ƙamshi suka shige. Tolliver ya ci, ya ƙara, ya fito yana share baki. Ya ce magana ta ƙare: karusa za ta riƙa tsayawa a gidan Schlick, muddin wannan baiwar Allah ce ke dafawa.

"Walburga!" in ji Baltasar, har yanzu yana kan rufi. "A gidan abokin gabana?"

"A gidan da yake tsaye, Maigida. Katakon Baba kuma kar ka sake taɓa ko guda. Ɗakin kwanan baƙi za a yi da shi a nan, kafinta zan kira daga wani gari ya sake gwada su."

"Ni fa?"

Ottmar ya cire tukunyar taba daga bakinsa. "Ina neman mai riƙe alfadarai in ana canji, maƙwabci. Na ga kuna fahimtar juna."

"Ni? Wanda ya gina hasumiyar yarima?"

"To sauko tukuna," in ji direban karusa. "Kana kan akwatin mutane."

Haka aka yi. Karusa ta riƙa tsayawa a tsallaken rafi, Walburga a kicin, Ottmar a maƙera, Baltasar a bakin kwami da linzami a hannu. Bai yi sati yana fushi ba, don ya gano cewa aikin yana kawo masa abin da garinmu ya daɗe da hana shi: sababbin kunnuwa. Duk matafiyin da ya sauko yana miƙa, sai ya ji an taɓa masa kafaɗa.

"Yallaɓai, kar ka ga wannan ɗan akurkin ka ce shi ne masaukin garin nan. Da ka zo a zamanin nawa! Can tsallake yake, bene guda. Ran da na buɗe shi, don tsabar kyau, karusa ba ta iya tsayawa a waje ba. Har falo ta shigo."

"To ina yake yanzu?"

Sai Baltasar ya girgiza kai, ya shafa wuyan alfadari.

"Cinkoso, Yallaɓai. Rana ɗaya tak ya yi, baƙi suka yi masa yawa."